Bamuda a Wayar Inna

Lahadi, bayan La'asar

“Ke take ji yanzu, sai ki yi mata magana,” in ji Goggo Lantana, ƙanwar marigayi babanmu, tun ban sauke jaka daga kafaɗa ba. “Mu mun yi har bakinmu ya bushe. Daga asuba zuwa isha muryarki ce a ɗakin nan. Ni har turawa na fara gani a mafarki.”

Na ɗauka habaicinta ne na kullum. Sai na kasa kunne. A ɗakin Inna wata mace tana magana a nutse, da irin muryar wadda ba ta taɓa rasa komai ba: “Jirgin yana nan lafiya lau. Abinci yana kan tebur. Mutanen ne babu.”

Ni ce. Ban taɓa jin kaina ta bayan labule ba.

Aikina ke nan a Kano. Na yi digiri a kan labarin ƙasa, na ƙare a wani ɗaki mai soso a bango, ina karanta wa wata tashar intanet labaran al'ajabin duniya: Tsibirin Bamuda da ke haɗiye jirage, birnin da teku ta cinye, ƙaton mutum mai gashi a kan dutsen ƙanƙara. Na sha gaya wa Nuruddeen, mai tashar, cewa mutumin Karaye da damuwarsa taki da gyaran hanya ba ruwansa da Bamuda. Sai dai mutum ya saurara, barci ya ɗauke shi, amfanin tashar ke nan.

Yayana Mu'az ne ya tura wa Inna su duka a waya, wai ta riƙa jin autarta.

Ran Larabar da ta wuce ya ari kwale-kwale zai tsallaka dam ya yi wa shanun rugagen hayi allura, kamar yadda ya saba. Da yamma masunta suka hango kwale-kwalen yana yawo shi kaɗai a tsakanin duwatsun nan uku da ke tsakiyar ruwa. Takalmansa a jere. Kular magani a rufe, ƙanƙarar ciki ba ta gama narkewa ba. Sandar tuƙi a kwance, yadda mai niyyar sake ɗauka yake ajiye ta.

Ban zo da wuri ba. Ba ni da dalilin da zai yi kyau a rubuce.

Na shiga na gaishe da Inna. Ta amsa, ta tambayi hanya, ta tambayi mutanen Kano, ta ce na rame. Ba ta rage ƙarar wayar ba. Muka zauna mu uku: ita, da ni, da ni.

Litinin, hantsi

Baffa Hadi, ƙanin babanmu kuma mai unguwarmu, ya zo da Sarkin Ruwa Sulle. Na kai musu ruwa zaure, na durƙusa gaisuwa, na ƙi tashi.

Sarkin Ruwa ɗan tsamurmurin tsoho ne mai jajayen idanu. Ya ce yaransa sun yi nutso iya yinsu, amma ruwan da faɗi, kuma tsohon garinsu ne a ƙasa tun da aka tare kogin: katangu, rijiyoyi, kututturan itatuwa. Abin da ya maƙale a can ba ya tasowa da kansa. Hanya ɗaya ta rage, wadda ya gada. A kawo ƙwaryar da mutum yake sha da ita kullum, a ɗora ta a kan ruwa. Inda ta tsaya tana juyi, nan za a sauka.

Na ce, “Allah ya taimaki Sarkin Ruwa, in ƙwarya ce ai yanzu sai in ɗauko.”

“A'a, 'yata. Mahaifiya ce take bayarwa da hannunta. Ta sata ba ta tafiya. An gwada.”

Baffa ya duƙar da kai yana jan carbi. Yana da abokai malamai. Ya ce, “Ni dai ban ce a yi ba, ban kuma ce a bari ba.”

Sarkin Ruwa ya miƙe yana karkaɗe riga. “Sai dai a hanzarta. Ruwan da ake tafkawa wajen Rogo nan yake gangarowa. Ran da duwatsun nan suka nutse, ba na tura ɗan kowa ƙasa.”

Goggo ta kai saƙo ciki. Amsar Inna gajeriya ce: “Ƙwaryar da ake amfani da ita ba a bayar da ita.”

Kuma ana amfani da ita. Kullum da rana sai ta dama fura a ciki, ta rufe da faifai, ta ajiye a gindin rumfa inda yake zama in ya dawo aiki. Tsohuwar ƙwarya ce, ta taɓa tsagewa, mai gyarta ya ɗinke gefenta.

Litinin, bayan Magariba

Inna Bafulatanar Falgore ce, shi kuma ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. “Yayanku,” ko “wancan,” ko ta nuna gefen rumfa da haɓa. Ran bikinsa bayan gida ta koma tana tsince shinkafa. In an yabe shi a gabanta sai ta tashi ta duba tukunya. Haka aka raine ta, haka ake yabonta da shi.

Sauda, matarsa, ita ma ba ta faɗin sunan miji. “Yayanki.” Ni kuma “Yaya.”

Mata uku suna jiran mutum ɗaya, babu mai bakin kiransa.

Talata, Magariba

Furar ta ragu. Goggo ta ce kyanwa ce. Ba mu da kyanwa, kuma faifan yana nan a rufe.

Laraba, bayan Azahar

Muna ɓarar gyaɗa ni da Inna, wayar tana kan tabarma tsakaninmu. Wanda ta fi maimaitawa ba na jirgin da aka tarar babu kowa ba ne. Na ɗaya jirgin ne, wanda ya shiga Bamuda ya ɓace shekara da shekaru, ya fito wata safiya, mutanen ciki babu wanda ya yi furfura, shayinsu ma bai huce ba. Na tuna ranar da na karanta shi. Mura nake yi, ina sauri in tafi.

Ba tare da ta dube ni ba ta ce, “Waɗannan mutanen na jirgi, suna da uwaye?”

Na ce wataƙila.

“Akwai ɗan fari a cikinsu?”

“Rubutun bai faɗa ba, Inna.”

“A can inda suka zauna, da sanyi?”

“Bai faɗa ba.”

“Akwai mai ba su abinci, ko haka suke zaune?”

Ta watsa ɓawo gefe ta ce, “Ku 'yan boko sai ku kawo rabin labari. To ki tambayo.”

Tun da na zo ban ji ta yi magana mai tsawon wannan ba. A kan ɗanta ba ta da izinin tambaya ko ɗaya. A kan wasu turawa a bayan duniya tana iya tambaya har rana ta faɗi, ba wanda zai ce ta yi rashin kunya.

Alhamis, hantsi

Na je bakin dam. Ƙaramin dutsen ya rage kamar bayan saniya a kwance.

A rumfar mai shayi kowa da nasa bayanin. Masu garkuwa ne, sai dai ba wanda ya kira. Dorina ce, sai dai rabon da a ga dorina a nan tun kafin a haife ni. Wani ya ce mutum kan gaji ya yi tafiyarsa, sai aka zungure shi ya lura da ni.

Wani ƙaƙƙarfan magidanci da ke gyaran koma ya ɗago ya dube ni. Ɗantala, babban mai nutson Sarkin Ruwa. Ya ce, “Malama, ke ce mai Bamuda ko? Wallahi tun daga sallamarki na gane.”

Na tambaye shi ko sun duba tsakanin duwatsun.

“Gefe-gefe dai.”

“Tsakiya fa?”

Ya yi dariyar da ba ta kai ido ba. “Duwatsu nawa kika gani? Uku. Ke da bakinki kika ce wurin kusurwa uku gare shi. Kika ce a tarar da jirgi lafiya, kaya lafiya, mutum babu. To me muka tarar?”

“Wancan yana can bayan Amurka, a cikin teku.”

“Aljani fasfo yake nema, Malama?”

Rumfa ta ɗauki dariya. Ni ma na yi, don maganar ta fi tawa tsari. Ya ce shekara ashirin yana kamun kifi a wurin bai san abin da yake takawa ba, sai da ilimi ya zo. Ilimi, in ji shi. Yanzu duk masunta Bamuda suke kiran wurin, suna zagaye shi ko da hanya za ta ninka.

Ina shirin tafiya na ji ta. Daga wani kwale-kwale can nesa, wani ya kunna waya. Muryar ta taho a kan ruwa sarai, ta bugi duwatsun ta dawo, sai na ji kowace jimla sau biyu. Mutanen ne babu. Mutanen ne babu. Ta biyun ta fi ƙasa, kamar ta namiji.

Amsa-kuwwa ce. Aji ɗaya na sakandare.

Juma'a, da safe

An kwana ana ruwa.

Asabar, bayan La'asar

Nuruddeen ya kira. Ya yi jaje yadda ya kamata, ya jero addu'o'i, har ya sassauta murya. Sannan ya ce, “Na'ima, kar ki ɗauke ni marar imani, amma kin san abin da ke hannunki? Bamudar Karaye. Ki ɗauko hoton duwatsun, ki sa masuntan su yi magana. Ba ke kika ce mutanen ƙauye ba ruwansu ba?”

Na ce layin ba kyau. Layin yana da kyau ƙwarai.

Lahadi, Azahar

Mutanen Sauda sun zo daga Gwangwan, babanta da goggonninta biyu. Gaisuwa ta ci lokacinta: gida, damina, masu jiki, ya muka ji da wannan abu. “Wannan abu.” Ba su ce rasuwa ba, ba su ce ɓata ba. Abin da ya kawo su a fili yake: 'yarsu matar aure ce, ko mai takaba? Liman ya riga ya gaya wa Baffa ba za a yi wa mutum salla ba sai an tabbatar. Suka sha ruwa, suka tafi da tambayarsu.

Na sami Sauda a ɗaki, ɗan kunne ɗaya a kunne, ɗaya a hannu. Da can mukan yi wasan ƙanwar miji, in ce mata 'yar ƙauye, ta ce min tsohuwar budurwar rediyo. Yau ta ce, “Na'ima, in saka ko in cire?”

Ta dubi ɗan kunnen da ke hannunta, ta ci gaba.

“Ba wani abu nake nema ba fa. So nake in san wace addu'a zan yi wa yayanki. Ta dawowa lafiya, ko ta kwanciyar kabari. In na ɗaga hannu sai in rasa, in sauke haka nan. Kwana nawa ke nan ba wanda ya roƙa masa komai daga ɗakin nan.”

Na tambaye ta ko ita ke shan furar. Ta dube ni kamar na zage ta.

Litinin, bayan Azahar

Na gwada gaskiya.

“Inna, labarin jirgin da ya dawo ƙarya ne. Nuruddeen ya tsinto shi a wani wuri, ya ƙara masa gishiri, ni na karanta. Ba jirgin da ya dawo. Wurin ma teku ce kamar kowace teku, jirage suna bi kullum. Ki ba Sarkin Ruwa ƙwaryar nan, don Allah, ruwa yana ƙaruwa.”

Ta gama ɗaure ƙullin garin kuka tukuna. Ta ce, “Sake faɗa.”

Na sake.

Ta danna wayar. Matar nan ta fara bayaninta, a nutse, kalma bayan kalma. Inna ta saurare ta, ta dube ni.

“Waccan muryarta ba ta rawa. Taki tana rawa.”

Ta tashi ta ɗauko ludayi.

Talata

Ruwa.

Laraba, hantsi

Ƙaramin dutsen ya tafi. Na biyun saura kansa. Sarkin Ruwa ya aiko a gaishe da Baffa, gaisuwa kawai.

Laraba, bayan La'asar

Ɗakin ajiyar Goggo cike yake da buhunan masara. Buhu yana shanye amo kamar soson bangon Kano, ko ma ya fi. Na rufe ƙofa, na toshe ƙasanta da zane, na zauna a kan tiya a kife, na sha ruwan ɗumi, na danna ɗaukar murya a wayata.

“Masu saurare, a baya mun kawo muku labarin jirgin da ya dawo. Yau za mu gaya muku yadda aka yi ya dawo.” Sai uwayen mutanen jirgi. Sai wata tsohuwa a bakin teku da ta ce wanda ya shiga Bamuda ba ya gane hanyar gida sai ya ga abin da ya saba sha da shi. Sai kowace uwa ta ɗauko kwanon ɗanta, ta ɗora a kan ruwa da hannunta. A cikinsu, na ce, akwai wadda nata ɗan fari ne.

Sau ɗaya na ɗauka. Harshena bai yi tuntuɓe ba.

Na karɓi wayar Inna da sunan zan kai caji, na tura shi ciki. Da na dawo na ce sabon shiri ya fito.

Alhamis, Magariba

Ta wuni da shi. Ba ta yi tambaya ko ɗaya ba. Goggo ta ji ta taga, ta ce wannan ya fi duk na baya ma'ana, ta sa an tura mata, ita kuma ta tura wa maƙwabta. Ban hana ba. Ban san da wace murya zan hana ba.

Furar yau ba ta ragu ba.

Juma'a, bayan La'asar

Zan rubuta iya abin da zai rubutu.

Da hantsi Inna ta fito da mayafinta na zuwa biki. Ta aika an karɓo nono mai kyau, ta dama fura har bakin ƙwaryar, ta rufe da sabon faifai. A hammatarta akwai farar rigarsa ta Juma'a, a ninke. Ta ce min, “Ki kai ni.”

Na zaci mu kaɗai ne. Bakin dam ya cika kamar ranar kasuwa. Sabon shirin ya riga mu isa. Mata sun zo da kwanonin abinci. Wani ya zo da bargo. Ina ratsawa ina jin kaina daga aljihunan mutane daban-daban, ba a tare ba, wata ta kai ga tsohuwar bakin teku, wata tana kan sallama. Mutane suna buɗe mana hanya suna min sannu, irin sannun da ake yi wa likita.

Ɗantala ya riga ya tuɓe riga. Ya ce, “Malama, tun da ƙwarya tana buɗe wurin, ai ba fargaba. Me ya sa ba ki kawo wannan kashin tun farko ba?”

Inna ta shiga ruwa har idon sawu, ta miƙa wa Sarkin Ruwa ƙwaryar da hannu biyu. Ya kai hannu zai zubar da abin da ke ciki, ta ce, “Kar a zubar. Tafiyar da nisa.”

Ya dubi rigar da ke hammatarta. Ya dube ni. Shi ba ya riƙe waya, amma yana da kunne. Ya yi bismilla ya ɗora.

Iska daga ruwa take busowa zuwa gaɓa. Ƙwaryar ta tafi gaba, cikin iskar, ba ta tangaɗi. Tsohon kwarin kogin yana nan a ƙasa, ruwa yana bin hanyarsa ta dā, abu mai nauyi ruwa yake bi ba iska ba. Na san bayanin. Na ci jarrabawa a kansa. Na tsaya ina maimaita shi a raina kamar addu'a, ƙwaryar tana ƙanƙancewa, kwale-kwale biyu suna bin ta daga nesa. Wayoyin suka mutu ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ce a kashe.

Ta wuce inda ƙaramin dutsen yake a dā. Ta tsaya. Ta fara juyi.

Masu nutso sun sauka, sun fito, sun sauka. Sai aka miƙa igiya. Sai Sarkin Ruwa ya ɗaga hannu daga can, ya yi wa Baffa alama a janye mata.

Wata a bayana ta fara guɗa, ta ɗauka alamar murna ce. Aka rufe mata baki.

Sauda kaɗai aka kira. Aka nuna mata aljihun wando. Ta gane ɗinkinta, da koren zare, don baƙin ya ƙare mata ranar.

An yi salla a kan tudu kusa da ruwa, an rufe shi a can. Ƙwarya ba a ɗauko ta, in ji Sarkin Ruwa.

Inna ta juya ta kama hanyar gida a gabanmu, rigar tana hammatarta. Ba ta yi kuka ba. Na ji wata tsohuwa tana cewa, “Kai, Fulani da kunya. Allah ya ba mu irin wannan zuciya.”

Asabar, da yamma

Masu ta'aziyya tun asuba. Yanzu kowa ya san kalmar da zai faɗa, sai gidan ya yi sauƙin zama.

Sauda ta cire 'yan kunne, ta ɗaga hannu ta daɗe ba ta sauke ba, sannan ta yi barci wuni guda.

Yadda aka yi ya bar kwale-kwalen, ya jera takalma, ba wanda ya sani. Ba wanda yake tambaya kuma.

Lahadi

Goggo ta ce Ɗantala yana ba da labari a rumfar shayi: wai a bakin ƙofar wani gida na tsohon gari ya tarar da shi, a jingine, kamar mai jiran a yi masa iso. Zai ƙara gishiri. Na san sana'ar.

Ƙwaryar, in ji masunta, tana nan tana juyi. Duwatsun sun nutse duka. Ita ce kaɗai alamar wurin yanzu, kuma sunan bai canza ba.

Litinin, hantsi

Saƙo daga Nuruddeen: wani shiri yana yawo a Kano da muryata, wa ya rubuta shi, ya fi duk abin da na taɓa yi, in turo masa mai kyau ya ɗora.

Wayar Inna ba ta yi magana ba tun Juma'a. Na zaci shirun zai fi min daɗi.

Laraba, Azahar, a tashar Karaye

Na haɗa jaka, na yi sallama da Goggo da Sauda, na je ɗakin Inna. Tana zaune a bakin gado, rigar tana kan cinyarta. Na durƙusa.

Ta ce, “Na ƙarshen nan, a ina aka yi shi?”

Na yi niyyar in ce Kano. Na ce, “A ɗakin ajiyar Goggo.”

“Na sani. Zakaranmu ya yi cara a bayanki, wajen da tsohuwar take magana. Mai shaƙaƙƙiyar muryar nan. Tun jin farko na gane shi.”

Ni ban ji shi ba. Na saurari abin kafin in tura, ban ji shi ba.

“To Inna, me ya sa kika bayar?”

“Sai wani ya faɗa ake yi. Ni ba ni da bakin faɗa.”

“Rigar fa?”

Ta shafa ninkin da tafin hannu. “In da gaskiya kika faɗa fa? Ya fito gaban mutane haka nan?”

A wurin aiki in na rasa abin cewa, akwai takarda.

Ta miƙo min wayar. “Tafi da ita. Ba na son in ƙara jin ki a ɗakin nan alhali ba kya nan.” Ta yi min addu'ar hanya cikakkiya, ba ta rage komai ba, ta ce in gaishe da mutanen Kano, in riƙa cin abinci. Ta rako ni bakin ƙofa.

Ƙofar ɗakin Inna ba a rufe ta da rana. Labule ne kawai, tun muna yara. Sai da ta ɗaga ta da kafaɗa kafin ta motsa, ƙasanta yana kartar siminti. Ta rufe. Na ji sakata.

Na sunkuya ɗaukar jaka, sai na ji ta. Ba kuka ba ne. Kira ne, da ɗan ja a ƙarshe, yadda ake kiran mutum ya zo ya ɗauki abincinsa kafin ƙuda su sauka.

“Mu'azu.”

Ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Ashe da wasali take ƙarasa shi.

“Mu'azu.”

Na tsaya a tsakar gida, jaka a hannu, ina kallon gindin rumfa. Sai da na ɗan jima na lura amsa nake jira. Na saɓa jakar na fita.